Tsiraicin Da Ya Zama Shaida: Abin Da Na Gani A Johannesburg

Wanda ya tashi a Gagarawa bai san tsiraici a bainar jama'a ba sai ga mutum uku: jinjiri, mai taɓin hankali, da ɓarawon da tsautsayi ya faɗa masa ranar kasuwa. Na farko ba ya da laifi, na biyu ana tausaya masa, na uku kuwa da gangan ake yi masa don a karya shi. Da wannan tarbiyya na sauka Afirka ta Kudu, kuma da ita na dawo. Sai dai a can na ga wani irin tsiraici na huɗu, wanda mutum mai cikakken hankali, mai mata da 'ya'ya, yake yi da yardar kansa a kan dandamali, mutane suna kallo, ba wanda ya yi ko murmushi.

Taron malaman adabi ne ya kai ni. Daga gida na bi ta Gujungu zuwa Kano, daga Kano zuwa Legas, sai jirgin dare zuwa Johannesburg. Watan Yuli ne. Na baro manomanmu suna noman farin gero da riɗi cikin gumi, na tarar da hunturu, domin can lokutan shekara a juye suke, ga garin a kan tudu, tsayinsa daga teku ya haura mita 1,700. Na sauka a unguwar Mayfair wajen wani dattijo Bakano da ya daɗe yana kasuwanci a can. Unguwa ce ta Musulmi, Indiyawa da Somaliyawa da sauran baƙi, kiran salla ba ya wuce ka, naman halal kuwa sai ka zaɓa a maƙwabciyarta Fordsburg. A gefen nan ne masallacin Hamidia yake, inda a ranar 16 ga Agusta 1908 Gandhi ya jagoranci Indiyawa suka tara takardun shaidar da hukuma ta tilasta musu ɗauka suka cinna musu wuta a cikin wata ƙatuwar tukunya. Har yanzu akwai siffar tukunyar a ƙofar masallacin.

Kafin in kai ga gidan wasa sai da aka kai mu kurkuku, kuma na gode wa wanda ya tsara haka, domin da an juya da ban fahimci komai ba. Wurin ana ce da shi Constitution Hill. Tsohon gidan yari ne da aka rufe a 1983. An taɓa tsare Gandhi a ciki, an tsare Mandela. Sashen baƙaƙen maza shi ake kira Lamba Huɗu. Mai yi mana jagora, wata budurwa mai sanyin murya, ta tsayar da mu a tsakar gidan ta ce a nan ake yin abin da fursunoni ke kira tauza. Idan sun dawo daga aikin ƙarfi, sai a tuɓe su tumɓur, a jera su, kowa ya fito ɗaya bayan ɗaya ya yi tsalle sama, ya tafa hannu, ya buɗe baki, ya juya ya sunkuya gaban gandiroba, wai a tabbatar bai ɓoye taba ko wuƙa a jikinsa ba. Tsoho da yaro, uba da ɗa, duk layi ɗaya. Yawancinsu kuma ba su kashe kowa ba, ba su saci akuyar kowa ba; takardar izinin zama a birni ce ba su da ita, ko ta ƙare. Duniya ba ta yarda ana yin haka ba sai a watan Maris 1954, da mujallar Drum ta buga hotunan da Bob Gosani ya ɗauka a ɓoye daga saman wani bene da ke kallon gidan yarin, tare da rahoton Henry Nxumalo, ɗan jaridar da ya sa aka kama shi da gangan don ya gani da idonsa.

Abin da ya fara burge ni da mutanen ƙasar nan ke nan: ba su share wurin ba. A cikin harabar suka gina Kotun Tsarin Mulki, kotu mafi girma a ƙasar, aka buɗe ginin a 2004, har da tubalan wani sashen kurkukun da aka rushe aka yi aikin. Alƙali yana zaune yana shari'a, tsakar gidan tauza tana bayan tagarsa.

A gidan tarihin wariyar launin fata kuma na daɗe tsaye gaban wani hoto na Ernest Cole, daga littafinsa House of Bondage na 1967: maza masu neman aikin haƙar zinariya, a jere, fuskarsu ga bango, hannuwa sama, ba ko zare a jikinsu, ana duba lafiyarsu. A nan na sake jin labarin Steve Biko, wanda a watan Satumba 1977, bayan an yi masa dukan da ya taɓa ƙwaƙwalwa, aka jefa shi bayan mota tsirara, da mari, aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi daga Port Elizabeth zuwa Pretoria. Ya cika ranar 12 ga watan, yana ɗan shekara 30. Wato tuɓe baƙar fata aiki ne na hukuma, yana da ofis, yana da ma'aikata masu albashi.

Gidan wasan da ake kira Market Theatre yana unguwar Newtown, ƙafa ma tana kai mutum daga masallacin Hamidia. Tsohuwar kasuwar 'ya'yan itatuwa ce ta Indiyawa, ginin 1913, har yanzu allunan sunayen 'yan kasuwar suna nan a sama. Barney Simon da Mannie Manim suka mayar da ita gidan wasa, suka buɗe a watan Yuni 1976, 'yan kwanaki bayan 'yan sanda sun buɗe wa ɗaliban Soweto wuta. A zamanin da doka ta raba kujerar bas da bakin teku da maƙabarta, a wannan gini baƙi da fari suna zama kujera kusa da kujera. Yau zaurukansa uku suna ɗauke da sunayen John Kani da Barney Simon da Mannie Manim, kuma yana da makarantar koyar da 'yan wasa da Simon da Kani suka kafa a ƙarshen shekarun 1980.

Wasu samari biyu ne suka yi wa mahalarta taronmu Sizwe Banzi Is Dead a wani ƙaramin zaure. Na san wasan, na karanta shi ina ɗalibi a Gumel, na ci jarrabawa a kansa, na kuma koyar da shi. Labarin wani baƙauye ne, Sizwe, da ya bar mata da 'ya'ya huɗu a King William's Town ya zo Port Elizabeth neman aiki, aka buga masa hatimi a takarda cewa ya bar gari cikin kwana uku. Da dare suna dawowa daga mashaya shi da mai masaukinsa Buntu, sai suka yi tuntuɓe da gawa a lungu, a aljihunta akwai takardar izini mai rai. Buntu ya kawo shawara a ɓanɓare hoto a liƙa hoto: Sizwe ya mutu a takarda, ya rayu da sunan mamacin, 'ya'yansa su ci abinci.

A littafi, wurin da Sizwe ya yayyage tufafinsa layi ɗaya ne, ido yana wucewa. A zaure kuwa ina kujerar gaba, bai fi taku uku tsakanina da shi ba. Yaron ya fara da kwat ɗinsa, ya wurgar. Ya kama rigar ciki ya ja, maɓalli ɗaya ya tsinke ya gangaro har gindin takalmina. Ya kwance wando ya taka shi ya fita, ya rage daga shi sai ɗan kamfai. Zauren ba na'urar ɗumama ɗaki, sai na ga tsikar jikinsa ta tashi, na ga haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka, ga wani tsohon tabo a gwiwarsa, ga farin busasshiyar fata a ƙaurinsa irin na wanda bai shafa mai ba. Ya matso bakin dandamali yana nuna idonsa, kunnensa, ƙirjinsa, yana tambayarmu abin da ya rage masa kafin a kira shi mutum. Na sunkuyar da kai, kamar yadda kowane Bahaushe zai yi. Da na ɗago sai na ga wata tsohuwa a gefena, da hular ulu da bargo a cinya, ko ƙiftawa ba ta yi, hawaye yana bin kuncinta. Ba wanda ya ɗaga waya. Ba wanda ya yi fito. Har da 'yan sakandare a kujerun baya, amma tsit kake ji. Na yi shekaru ina shiga gidajen kallo daga Gumel zuwa Kano, ban taɓa ganin 'yan kallo masu ladabin waɗannan ba.

Bayan an tashi na same shi a farfajiya, ya naɗe da bargo yana shan shayi. Na tambaye shi ko ba ya jin kunya.

Ya ce, "Baba, kullum ina ji. Ranar da na daina ji, ranar zan bar wannan wasan, don ya zama burga ke nan. Kakana shekara da shekaru yana haƙar zinariya, duk sabon kwantiragi sai an tuɓe shi an duba haƙoransa. Shi ba a tambaye shi ba. Ni an tambaye ni, na zauna da mai ba da umarni, muka yi magana a kan iyakar da zan tsaya, na yarda."

Na ce to da an ce ya cire har kamfan fa?

Ya yi shiru kaɗan, ya ce ya danganta da wasan. Akwai wanda zai yi, akwai wanda ko nawa za a ba shi ba zai yi ba, kuma da ka karanta rubutun za ka gane wanne ne wanne.

Wanda yake nufin zai yi, na gane daga baya, irin wasan nan ne na Athol Fugard mai suna Statements After an Arrest Under the Immorality Act, wanda da shi aka buɗe gidan wasa na The Space a Cape Town a 1972, Fugard ɗin da kansa da Yvonne Bryceland suka fito. Mutum biyu ne, Baturiya mai kula da laburare a wani ƙaramin gari, da shugaban makaranta wanda doka ta rubuta a matsayin ruwa-biyu. 'Yan sanda suka ritsa su cikin duhu ba sutura, suka yi ta haska su da fitilar kyamara ana ɗaukar hoto don kotu. 'Yan wasan a haka suke fitowa, tsirara. In an tambaye ni a matsayin Musulmi, abin da mutanen biyu suka aikata zina ce, namijin ma yana da iyali. Amma dokar da aka kama su da ita ba ruwanta da zina. Da duka biyun farare ne, ko duka baƙaƙe, ba ɗan sandan da zai leƙa taga. Launin fata ake hukuntawa, kuma dokar ta ci gaba da aiki har 1985. Fugard ya ga cewa tunda fata ce laifin, to sai a ajiye fatar a gaban jama'a su dube ta, su kuma ji yadda ake ji in an zama mai leƙen taga. Ban kalli wannan wasa ba, kuma da an yi shi ina can ba na jin zan shiga. Amma ba zan iya kiran wanda ya rubuta shi ɗan iska ba.

Kuma mutanen nan sun biya kuɗin abin da suka yi. John Kani da Winston Ntshona, waɗanda suka ƙirƙiri Sizwe Banzi tare da Fugard a 1972, doka ba ta san wata sana'a wai ita wasan kwaikwayo ga baƙar fata ba, sai da aka rubuta su a takarda a matsayin masu yi wa Fugard aikin gida. A 1975 suka karɓi lambar Tony a Amurka, wadda ita ce ƙololuwa a harkar dandamali a can. Shekara ɗaya bayan haka aka kama su a Transkei saboda wannan wasan dai. Kani ya rasa ido ɗaya sanadiyyar dukan 'yan sanda. Yaranmu da suka san shi a matsayin tsohon sarki a fim ɗin Black Panther ba su san da idon roba yake kallonsu ba. Ntshona ya rasu a 2018, Fugard a watan Maris 2025. A 1981 kuma Percy Mtwa da Mbongeni Ngema suka fito da Woza Albert! a Market Theatre, su biyu rak, ba riga, daga su sai wando, da ɗan hanci na roba da suke maƙalawa in za su kwaikwayi Bature. Da ƙirji da gumi da murya suka zagaye duniya.

Kada a ɗauka duk tsiraicin dandamali haka yake. A Ingila tun 1737 wani jami'in fada ne ke tace wasanni, aka soke ikonsa a watan Satumba 1968, washegari aka buɗe wasan Hair a Landan da fitowar tsirara a ciki, daga nan kowa ya samu ƙofa. Akwai na gaskiya, kamar yadda Ian McKellen, yana dab da shekara 70, ya tuɓe a 2007 yana kwaikwayon Sarki Lear na Shakespeare, tsohon sarkin da 'ya'yansa suka kora, hankalinsa ya gushe cikin hadari. Akwai kuma da yawa da ake yi don tikiti ya ƙare da wuri, a kira shi fasaha. Su kansu 'yan wasan na Johannesburg sun fi ni iya zagin irin wannan.

Da na koma masauki na ba Alhaji, mai masaukina, labari. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, yanzu kai da iliminka ka je ka biya kuɗi ka kalli ƙato da kamfai? Shekarata nawa a garin nan, ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba."

Na ce, "Alhaji, Allah ya ja kwana, kai da kake ba ni labarin damben da kuke zuwa kallo kuna samari, 'yan damben da babbar riga suke shiga fili?"

Ya yi dariya ya ce wannan daban. Na ce na yarda daban ne, amma a duba. Ɗan dambe da ɗan kokawa da warki ko gajeren wando suke fita, cinya a waje. Saurayin Bafulatani a filin sharo ƙirji buɗe yake tsayawa a zuba masa bulala, yana riƙe da madubi don a ga fuskarsa ba ta canza ba. Ba mai cewa sun yi fitsara, saboda kowa ya san abin da jikin ya fito nunawa. Alhaji ya ce duk da haka al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take, ba a canza ta don wasa. Ban yi masa gardama ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma matsayina ke nan har gobe. Ba na roƙon a kawo wannan Gagarawa ko Maigatari. Ɗan wasanmu da singileti da wando zai iya yayyage rigarsa ya girgiza zaure, in dai akwai abin da yake faɗa.

A nan ne nake ganin an bar mu a baya, kuma ba a tsiraici ba. Mu ma muna da namu tarihin tozarta jiki. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta sau 16, an yi mata bulala a bainar jama'a, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, saboda siyasar NEPU. Talakawa nawa aka ɗaure a rana kan haraji da jangali, dattawanmu suna da labarin a baki. Har yau in an yi kame, abin da ake fara yi wa waɗanda ake zargi shi ne a cire musu riga a zaunar da su ƙasa gaban kyamara, tun kafin alƙali ya gan su, mu kuma mu yi ta turawa a waya. Wannan bai taɓa tayar mana da hankali kamar yadda hannun jarumi ya taɓa na jaruma a fim yake tayar mana ba. Tun 2001 Kano take da hukumar tace finafinai, kuma ba na cewa aikinta banza ne. Amma yawancin ƙarfinmu ya ƙare wajen auna tsawon mayafi, ba mu tambayi abin da labarin ya ƙunsa ba. Muna son rufin asiri, abu ne mai kyau, sai dai mun shimfiɗa shi har ya rufe wanda ya yi zalunci.

Ba kuma baƙon abu nake nema ba. 'Yan kama sun daɗe suna tsokanar malamai a gaban malamai. Yaran tashe suna kwaikwayon mai rowa da gwauro a ƙofar gidansu. Malam Aminu Kano tun yana malamin makaranta yake rubuta wasanni masu cizo a kan masu cutar talaka. Daga ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, masu gidan wasan nan na jar ƙasa a Samaru, suna fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma, su haɗa wasa a kan taki da bashi da gona, su yi shi a dandalin gari. Hanya ce da aka riga aka share.

Labari kuwa ba sai mun aro ba. Tun wajen 2016 ake ta kai-kawo a kan hekta 12,000 da aka ware don noman rake a ƙasar Gagarawa da maƙwabtanta. Wasu sun ce ci gaba ne, wasu sun ce gonar kakanni ce, an yi ƙorafi, an yi taruka, gidaje sun rabu biyu a kan karɓar diyya. Kowane ɓangare yana da hujjar da za ta cika baki. Ga yaran da ke tafiya ci-rani Legas da zarar an gama girbi, ga matan da ke tsinkar zoɓorodo yini guda a kan ɗan abin da bai kai kuɗin cefane ba, ga dillalan kara a Maigatari ranar Alhamis, ga tashar jirgin ƙasarmu da ta yi shiru. Samarin nan biyu na Johannesburg kayan wasansu duka bai wuce teburi da kujera da allo da tsohuwar kyamara ba. A bayan a-kori-kura ɗaya za a kwashe su, a bar wurin zama.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwana malaman Hausa da na Turanci a makarantun masarautar Gumel, da ɗaliban kwalejin ilimi: a wannan zangon karatu kowace makaranta ta zaɓi magana ɗaya da ake yi ƙasa-ƙasa a garinta, a zauna da dattawa a ji ta daga bakinsu, a ba yara su tsara ta, a yi ta a filin makaranta ranar da iyaye za su iya zuwa. A gayyaci hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, a ba su kujerar gaba.